Farantin Yaya

A gidanmu akwai wani tsohon farantin silba mai faɗi, wanda bakinsa ya lotsa ta gefe guda tun ranar da wani mai keke ya ture shi daga kan yayata a bakin titin Katsina. Inna ba ta yarda a sayar wa 'yan gwangwan da shi ba. A kansa take shanya kuɓewa da barkono a tsakar gida. Ranar da na karɓo takardar shaidar kammala digirina, maƙwabta suna ta shigowa yi wa Inna barka, sai idona ya faɗa kan farantin nan yana jingine a jikin randa, na ji murnar da na shigo da ita ta ragu. Babu wanda ya lura. Ni dai na san cewa da za a yi rabo na adalci, da rabin takardar da ke hannuna ta mai farantin ce.

An haife ni a ɗaya daga cikin unguwannin awon igiya da ke bayan Kurna, a arewacin birnin Kano. Gonaki ne a da. Masu su suka yanka su da igiya suka sayar gutsure-gutsure, ba a bar hanyar mota ba, ba a bar magudanar ruwa ba, balle filin makaranta ko na asibiti. Lungunmu idan an yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta fita. Gidan da muke haya ɗaki tara ne, iyali tara, banɗaki ɗaya, da rijiyar da take ƙafewa da zarar bazara ta kama. Da damina kuwa ruwan kwata yakan biyo mu har ƙarƙashin gado, Inna ta kwana tana kwarfe shi da kwano. Yawancin maƙwabtanmu ba 'yan birni ba ne. Daga ƙauyukan Bichi da Kazaure da Daura suka zo, wasu daga Nijar, kowa ya biyo abin sawa a bakin salati.

A irin wannan unguwa sana'ar uwa ce take tashin yaro daga barci. Ɗan mai koko yana riga ladan tashi, 'yar mai ɗanwake tana da sauran lokaci har hantsi, 'yar mai tuwon dare kuwa sai bayan isha take sanin ta gama yini. Inna sana'a biyu take yi: ƙosai da safe, awara da yamma. Baba ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai har aka rufe ta ina ƙarami, daga nan ya karɓi babur ɗin wani yana acaɓa, yana kai balas kullum. Abin da ya rage a hannunsa bayan balas da mai shi ne kuɗin haya da hatsi. Cefane da sabulu da magani da duk wani abin da ya shafi makaranta daga kaskon Inna suke fitowa. Kaskon kuwa ba ya fita waje. Inna matar aure ce, tana cikin gida kamar sauran matan lungunmu, don haka dole a sami ƙafar da za ta kai abin da aka soya inda masu saye suke. Ƙafar nan ta Yaya ce.

Shekara biyu ta ba ni, amma aji ɗaya ne tsakaninmu, domin an makara wajen sa ta makaranta. Tun tana 'yar shekara bakwai na san ta da gammo. Kafin asuba ta kai niƙan wake inji, ta tsaya a layi cikin sanyi. Gari na wayewa ta ɗauki ƙosai ta zaga garejojin kanikawa da wurin masu shayi da ke bakin titi. Ba ta da ikon dawowa sai farantin ya tashi, ko kuma rana ta yi zafin da babu mai marmarin ƙosai. Sannan ta miƙa wa Inna ciniki, a ƙirga, ta zura kayan makaranta ba tare da wanka ba, ta ruga. Ni a lokacin na daɗe a aji.

Daga tagar ajinmu ana hango ƙofar makaranta, ina kuwa kallon abin da ke faruwa a can kusan kullum. 'Yan makara sukan durƙusa a jere, hannuwa a sama, malamin da ke kan aiki yana bin su da bulala. Yawancinsu mata ne, yawancin matan kuma na san farantansu ɗaya bayan ɗaya. Bayan duka sai tsintar leda a fili, wadda takan cinye wani darasin. Yaya takan shiga aji wajen ƙarfe goma, ta nemi wuri a ƙasa can baya, domin mun haura ɗari a aji kuma bencin da ya rage na waɗanda suka zo da wuri ne. Ba ta daɗewa barci yake sace ta. Wasu ranaku idan ta hango bulalar daga nesa sai ta juya gida, ta ce wa Inna an tashe su. Ban taɓa tona mata asiri ba, ban kuma taɓa jin wani malami ya tambaye ta dalilin makararta ba, alhali ƙaurin mai da ke jikin hijabinta ya isa amsa.

Ba na ɗora wa malaman nan laifi duka. Mutum ɗaya da yara ɗari da alli guda, ga albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, ba kowa ne zai sami sararin bincika rayuwar kowace yarinya ba. Amma har yau ina ganin babu hukuncin da ya kai wannan rashin kan gado: a doki yarinya saboda ta tsaya neman kuɗin da za a saya wa ƙanenta littafi, ƙanen kuma yana zaune a benci ana yabon sa da zuwa da wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya ta fi ni kai. Ba tawali'u nake yi ba. Tana 'yar shekara tara takan riƙe bashin mutum goma sha biyar a ka, ta san wanda ya ci na talatin ya ba da ashirin, da wanda ya ce sai Juma'a. Idan Inna ta auno wake, kafin a jiƙa shi Yaya ta faɗi ƙosai nawa zai fitar da ribar da za a samu idan man gyaɗa bai tashi ba. Idan aka ba ni lissafin gida na kasa, sai in karanta mata tambayar, ta mayar da ita naira da kwabo, ta ba ni amsa tana tankaɗe. Amma a takardar sakamako kullum tana can ƙasa, domin karatu da rubutu suna bukatar a zauna a koya, kuma sa'o'in da ake koyar da su su ne sa'o'in ƙosai.

Yanzu da na girma nakan ji ana kawo alƙaluma. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2022 ya nuna yara fiye da miliyan 24, wato kashi 39 cikin ɗari na masu shekara 5 zuwa 17, suna cikin aikin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Duk sanda na ji adadin farko sai in tuna cewa Yaya ta yi shekara takwas ba ta cikinsa. Sunanta yana cikin rajista. Duk jami'in da ya zo ƙirga ɗalibai zai ƙirga da ita, ya koma ofis ya rubuta cewa an samu ci gaba. Irinta suna da yawa a unguwanni irin tamu: yaran da makaranta ta rubuta sunansu, aiki kuma ya riƙe lokacinsu da ƙarfinsu. Su ne suke gama firamare ba su iya karanta wasiƙa ba, sannan a ce ai an sa su makaranta ba su yi ƙoƙari ba.

A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Dalilin tsaro ne, kuma wanda ya zauna a Kano a waɗannan shekaru ba zai ce babu dalili ba. Amma a ɗakinmu ma'anar dokar ita ce mai babur ya aiko an karɓi babur ɗinsa. Baba ya yi wata uku yana fita da safe yana dawowa hannu rabbana, kafin ya sami gadi a wani shago. Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, Yaya tana aji biyu.

Wani dare muna kwance a tabarma, ni da ƙannena biyu, na ji suna magana ƙasa-ƙasa. Baba ya ce mai gida ya sake aiko a kan kuɗin haya. Inna ta ce idan za a ƙara kwanon waken suya ɗaya, a riƙa fita da awara tun azahar zuwa tashar Ƙofar Ruwa, a kuma bar ƙosai ya kai hantsi, za a iya rufe wannan ramin.

"To makarantar fa?" in ji Baba.

"Malam, ai ka san ba za ta haɗu ba. Ɗaya dai za a ɗauka."

Baba ya yi shiru mai tsawo. Sai ya ce shi bai so ba, ya so a ce ko takardar aji uku ta samu. A nan ne muryar Yaya ta fito daga lungun da take kwance, ashe ita ma ba barci take ba.

"Baba, a bar shi ya yi. Ni dama ba ganewa nake ba, kullum sai duka."

Na yi lamo kamar mai barci. Ina so in ce na yi kuka a daren nan, amma ba haka aka yi ba. Sanyi na ji a raina, irin na wanda kura ta wuce shi ta kama na kusa da shi. Ina da shekara goma sha uku, na san abin da ake yankewa, na kuma san wadda ta fi ni kai ce take cewa ba ta ganewa. Ban ce uffan ba. Washegari na saka kayan makaranta, ita ta naɗa gammo.

Kada a ɗauka ni ban taɓa aiki ba. A unguwarmu babu yaron da ba ya aiki. Ranakun Asabar da Lahadi nakan taya wani ɗan ga-ruwa tura kura daga rijiyar burtsatse, ya ba ni abin da ya sauƙaƙa. Da hutu nakan bi abokaina jari bola, mu tsinci ƙarfe da roba da gwangwani mu kai a auna. Ɗaya daga cikinsu ya taka ƙusa a bola, ƙafar ta kumbura ya yi zango guda a kwance, bai sake komawa aji ba. Yanzu kwandasta ne. Wasu an kai su gareji tun suna 'yan shekara takwas, suna wanke sassan inji da fetur da hannu tsirara. Sai dai aikina yana da iyaka. Da jarrabawa ta matso Inna takan ce in ajiye komai in kama littafi. Na Yaya ba shi da zango, ba shi da hutu, sai ranar Salla.

A nan nake ganin ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Bahaushe bai taɓa ɗaukar aikin yaro a matsayin zalunci ba, kuma yana da gaskiyarsa. Aike da shara da taya uwa wanke-wanke da zama a shagon uba bayan an taso makaranta duk tarbiyya ce, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kaina tura kura ta koya mini darajar naira fiye da kowane darasi. Amma akwai inda aiki yake daina zama koyo ya zama ciyar da gida, inda idan yaro ya kwanta ciwo tukunya ba za ta hau wuta ba. Da zarar an kai nan, sunan tarbiyya kawai ya rage. Yaron ya zama magidanci ba tare da an tambaye shi ba.

Akwai kuma abin da faranti yake jawo wa 'ya mace wanda ba a cika faɗa ba. Wata rana da magariba Yaya ta shigo a guje, babu kuɗin awarar mutum guda, jikinta yana rawa. Wani ne ya ci, ya ce ta biyo shi cikin shago ta karɓi kuɗinta, da ta ga take-takensa sai ta bar masa. Inna ta rungume ta tana hawaye, ta yi ta Allah ya isa. Washegari farantin ya fita. Abin da ya canza kawai shi ne an haɗa ta da 'yar maƙwabta su riƙa tafiya tare. Na daɗe ina jin haushin Inna a kan wannan, sai daga baya na gane cewa ta auna tsoro biyu ne, na titi da na yunwa, ta ɗauki wanda take ganin addu'a za ta iya tsarewa.

Kamar kowace mai talla, Yaya tana da asusu. Inna takan ware mata wani abu daga ribar kowace rana, a zuba a adashi, domin kayan ɗaki. Wannan shi ne alƙawarin da ke tsakanin uwa da 'ya a unguwanni irin tamu: ki ɗauki faranti yau, ranar aurenki ba za ki ji kunya ba. Sau biyu ana taɓa kuɗin nan saboda ni. Na farko da zan rubuta jarrabawar aji uku, takalmina ya mutu, ga kuɗaɗen da aka ce a kawo. Na biyu bayan an yi mata aure a 2015 ta tare a Bachirawa, ta kafa nata kaskon. Da lokacin jarrabawar shiga jami'a ya zo a 2018, kwasar adashinta ta aiko mini a ƙulle a bakin ɗankwali. Ko a shekarun jami'a, da annobar korona da yajin aikin malamai na 2020 da na 2022 suka mayar da karatun shekara huɗu ya kusa shida, ban taɓa zuwa gidanta na fito hannu wofi ba. Takan ce, "Ungo, ɗan boko, ka hau mota."

Ilimin zamantakewa na karanta. Ina aji uku aka ba mu wani rubutu na wata Ba'amurkiya mai suna Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970. Ta bayyana yadda cinikin matan da ke cikin kulle yake tafiya a kan ƙafafun yara: su ke sayo kaya, su ke kai niƙa, su ke fita da abin sayarwa su dawo da kuɗi. Ta kuma lura cewa shigar yara makarantar boko, wadda shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya faɗaɗa, dole ta taɓa wannan tsari. Na karanta shi a ɗakin karatu ina jin kamar wani ya leƙa tsakar gidanmu tun ba a haife ni ba. Kusan shekara hamsin ke nan, tambayar da ke ƙarƙashin rubutun tana nan inda take: idan makaranta ta ɗauke yaron, wa zai ɗauki farantin?

Dokoki kam ba mu rasa su ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a sa yaro talla a manyan tituna, Kano ta yi tata dokar kare yara a 2023, kuma a 2024 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk ina maraba da su. Amma idan na ɗauki dokar 2004 na shiga da ita ɗakinmu a daren nan na 2013, ban san wanda zan kama ba. Baba da aka karɓe wa babur? Ko Inna da ta kwana tana tace waken suya? Dokar ta ɗauka cewa abin da ke tsakanin yaro da aji shi ne kuɗin makaranta da taurin kan iyaye. Ta cire na farko, ta yi wa na biyu barazana. Ba ta lissafa da cewa safiyar yaron talaka tana da farashi ba, kuma wani ne yake biyan farashin duk ranar da yaron ya zauna a benci.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji masu jawabi a taro suna cewa talakawa ba su san darajar ilimi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyayena sun san darajarsa har suka sayar da makomar 'ya ɗaya domin su saya wa ɗaya. Abin da na gani da idona yana cika aji a unguwarmu shi ne abinci: duk lokacin da ake rabon abinci a makaranta, yara sukan zo da wuri, domin kwano ɗaya ya ragu a wuyan uwa. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda Kano take cikinsa, shi ma ya gane wannan, tunda yana ba iyayen 'yan mata kuɗi da sharaɗin su bar su a sakandare. Sai dai farantin ba ya jiran sakandare. Tun aji biyu na firamare yake hawa kai.

Bautar ƙasa ta kai ni wata makarantar gwamnati a Jigawa, ina koyarwa, ina zuwa gida ƙarshen mako. A makon farko da aka sa ni tsaron ƙofa aka miƙo mini bulala. Na riƙe ta har ƙarfe tara, sai ga wasu 'yan mata uku sun taho da gudu, ɗaya da garin alabo a gefen hijabinta. Na ce su wuce. Wani malami ya ce mini idan na saba musu da haka ba zan iya da su ba. Wataƙila yana da gaskiya. Ban dai iya ɗaga hannun ba.

Da aka koma makaranta bayan ƙaramar Sallar bana, wata Litinin na makara ban koma bakin aiki da wuri ba. Ina tsaye a bakin titi wajen ƙarfe tara ina jiran mota, sai na ji an ce, "Kawu!" Na waiga. Babbar 'yar Yaya ce, mai shekara takwas, da faranti a ka, gammon ya fi kanta girma. Murna take yi ta gan ni. Ta sauke farantin ta zaɓo mini ƙosai uku masu zafi, ta ƙara ɗaya ta ce gyara ne. Na tambaye ta makaranta, ta ce sai ta sayar tukuna.

Ban je Jigawa ba a ranar. Na kama hannunta muka nufi Bachirawa. A hanya na shirya maganganu masu yawa, har da alƙaluma da dokoki. Na tarar da Yaya a gaban kasko, goye da jaririnta, hayaƙi yana shiga idonta. Ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Yaya, ke ma? Ke da kika san abin nan?"

Ba ta ɗago ba sai da ta kwashe abin da ke cikin mai.

"Ni kuwa na san shi, ɗan boko. Zauna."

Ta yi mini lissafi kamar yadda take yi mini muna yara. Maigidanta adaidaita sahun wani yake ja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da yake kawowa bayan balas da fetur ba ya kai su ƙarshen mako. Ta faɗi kuɗin kwanon wake a da da yanzu, da na kwalbar mai, da na gawayi. Farantin safe yana kawo ribar naira ɗari bakwai, ranar sa'a dubu. Da ita ake sayen kokon yara da sabulu da kuɗin Islamiyya.

"Ka ce in bar ta ta tafi tun bakwai. To na bar ta. Shekararta uku tana zuwa, ɗauko littafinta ka ce ta karanta maka layi ɗaya. Su nawa ne a ajin? Ita ma ba ta sani ba." Ta juya ƙosai. "Kuma kai da muka yi wa wahalar, Allah ya sa albarka, ka gama. Ina aikin?"

Babu gori a muryarta, tambaya ce kawai, kuma ba ni da amsarta. Na ɗauko littafin yarinyar. Ta san haruffa, amma ba ta iya haɗa su ba. Na ce mata bakwai sau takwas, ta yi shiru. Na ce mutum takwas kowa ya ci ƙosan naira saba'in, nawa za ta karɓa? Kafin in rufe baki ta ce ɗari biyar da sittin.

A watan Maris ɗin 2025 aka ƙara alawus ɗin masu bautar ƙasa daga naira 33,000 zuwa 77,000. Na ce wa Yaya zan sayi farantin safe. Ɗari bakwai sau ranakun makaranta ashirin, dubu goma sha huɗu ke nan a wata. Zan riƙa ba ta a farkon kowane wata, yarinyar ta tafi makaranta da wuri, ta yi wanka, ta sami benci. Ranar Asabar kuma in zo in zauna da ita mu haɗa baƙi. Yaya ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce wasu watannin suna da ranakun makaranta ashirin da biyu. Muka yi dariya, na ce na ji na ƙara.

Wata huɗu ke nan muna haka. Yarinyar ta fara karanta gajerun jimloli, tana bi da yatsa, kuma duk allon shagon da muka wuce sai ta tsaya ta gwada. Tallan yamma yana nan, ban iya sayen wannan ba. A lungun nasu kaɗai na ƙirga yara goma sha ɗaya da suke fita da faranti kafin ƙarfe bakwai, babu mai kawun da ke karɓar alawus a cikinsu. Idan muna karatu a tabarma, Yaya takan jawo kwaryar wakenta kusa da mu tana tsincewa, wani lokaci in ga leɓɓanta suna motsi tare da na 'yarta.

Saura wata biyu in gama bautar ƙasa. Na aika takardun neman aiki wurare da dama, har yanzu shiru. Asabar ɗin da ta wuce Yaya ta tambaye ni ranar da za a sallame mu, na faɗa mata, ta gyaɗa kai ba ta ce komai ba. Da zan fita na ɗaga ido na ga ƙaramin farantin a saman sif, an wanke shi an kife, gammon yana naɗe a kansa. Maƙwabciyarta ta nemi aronsa tun watan jiya, ta ce mata a'a, ba ta san ranar da za ta bukace shi ba.